Wuyan Rigar da Muke Ɗinka wa Masu Maƙoƙo

Shadda ce ruwan toka, ta wata amarya daga unguwar Ndogpassi, ranar Laraba da hantsi. Ina tsaye a bayanta gaban madubin gwaji, fil uku a bakina, ina kama mata kafaɗar riga. Yawu ya taru mini, na haɗiye. A cikin madubin, ta saman kafaɗarta, na ga wani abu a gindin wuyana ya hau sama ya dawo. Na sake haɗiyewa da gangan. Ya sake hawa, ya dawo ya zauna gefen dama, kamar an cusa goro ƙarƙashin fata. Amaryar ta ce, “Ya zauna kuwa?” Na zare fil ɗin daga bakina ɗaya bayan ɗaya, na ce mata ya zauna. Wata bakwai ke nan da binne Inna Balaraba, matar da ta koya mini ɗinki, kuma maƙoƙo ne ya kashe ta. Ba na bukatar kowa ya faɗa mini abin da na gani.

Sunana Asma'u, a unguwa Ma'u ake kirana. Ban manyanta ba, shekaruna ashirin da biyar, amma takwas daga ciki a kan keke na yi su. Saboda ku nake rubuta wannan, ku 'yan matan da kuke ganin riga a waya ku zo ku ce wata uku ya ishe ku ku iya. Kuna zaton ɗinki taka keke ne. Keke kowa ya taka zai tafi. Siket ɗin da ya karkace ana gyara shi, hannun da ya matse ana buɗe shi. Wuya ne ba ya gyaruwa. Idan almakashi ya ci wuya, ya ci riga.

Ina 'yar shekara sha bakwai na bar lise, wato sakandare, Mama ta kama hannuna ta kai ni shagon Inna Balaraba, a wani lungu bayan masallaci a unguwar New Bell ta Douala. Ɗaki ɗaya ne. Keke uku, biyu na lantarki, ɗaya na ƙafa don ranar da wuta ta ɗauke. Tebur na yanka, madubi, labule, da kanta can sama kusa da rufi inda ake ajiye yadin mutane, domin idan ruwan Douala ya sauko lungun nan yakan zama kogi, har ya shigo mana ɗaki. Shekarar farko ban taɓa almakashi ba. Guga, kalmasa, ɗinka maɓalli, da zuwa kasuwar Marshe Kongo neman zare da zif mai launin yadi. Idan na kawo zaren da ya ɗan fi yadin haske, Inna takan ɗaga shi a bakin ƙofa ta ce, “Ma'u, da idon wa kika je kasuwa?” Sai in koma. Shekara ta biyu ta bar ni in yanka hannu. Sai a ta uku ta ce in matso in ga yadda ake wuya.

Kafin yanka akwai awo, kuma awo yana da doka. Mace za ta shiga bayan labule ta cire mayafi, ta cire hijabi. A nan tela ke ganin abin da maƙwabta ba sa gani. Igiyar awo, wadda mu a nan muke ce wa mita, za ki zagaya ta, ki duba lamba, ki rubuta a littafi a shafin mai kayan. Inna ta faɗa mini tun ranar farko, “Ki rubuta, kada ki faɗa.” Dalilinta mai kyau ne. Wata ta yi ƙiba ba ta son ji. Wata ciki gare ta, ba ta ma sanar da mijinta ba. Wata ta rame saboda abin da ke gidanta. Idan lambar bana ta fi ta bara, ki ƙara yadi, ki yi mata hirar tsadar kifi. Da wannan shirun shagonmu ya yi suna, mata suka saki jiki da mu.

Aikin wuya na farko da na gani na Hajiya Dije ne, mai fataucin turare da kwanuka daga arewa. Atamfa ce koriya. Da ta cire gyale na ga wuyanta, gaba ya fito, ba kumburi ɗaya sumul ba, gudaji-gudaji ne, babba a hagu, ƙanana biyu a dama, kamar tuwon da bai tuƙu ba. Na sunkuyar da kai. Inna ba ta nuna ta ga komai ba. Ta ce, “Ma'u, ba Hajiya ruwa, ta sha rana.” Na kawo kofi. Hajiya tana sha, Inna tana kallon wuyanta ta gefen ido. Bayan ta tafi ne ta yi mini bayani. Abin yana hawa idan an haɗiye, ya sauka. Idan ba ki ga iyakar hawansa ba, za ki yi wuyan da zai shaƙe ta a gidan biki da lomar farko. Ruwan nan ba na baƙunta ba ne kawai, awo ne.

Ga yadda ake yankan, don ban san ko zan sake koya wa wata ba. Kwala ce mai tsayuwa, yatsa biyu a baya, ta hau zuwa uku a gaba. Ba a yanka ta a miƙe, a karkace ake yanka ta, don ta tsaya nesa da fata. Ana manna mata yadin tauri da dutsen guga, a sa shafi mai laushi saboda zufa. Gefen da gudajin ya fi girma ana yi masa 'yar tattara, ɗaya gefen ma a yi masa don su yi daidai. Maɓalli a ɓoye, ta gefe. Sannan a zuba surfani mai nauyi a ƙirji, ido ya sauka can. Yatsa biyu su shiga tsakanin kwala da wuya, ko da mai rigar tana haɗiya. Inna ce ta ƙirƙiro shi, ba a takarda ta gani ba. Mata suna zuwa mata daga unguwannin Akwa da Bonaberi, har waɗanda ba Hausawa ba, ana magana rabi Faransanci rabi nuni da hannu. A waje kowa da abin da yake cewa yana kawo maƙoƙo. Wasu su ce ruwan rijiyar garin da aka haifi mutum, wasu su ce yawan cin rogo, wasu su ce yunƙurin haihuwa. A cikin shagon ban taɓa jin an ambaci sunansa ba ko sau ɗaya.

Inna kanta tana da shafi a littafin. Don kanta ta fara yanka wuyan nan, tun kafin a haife ni. Daga shekarata ta uku ni ke auna ta duk ƙaramar Sallah. Santimita talatin da tara na fara rubutawa. Shekara ta zagayo, arba'in da ɗaya. Ta gaba, arba'in da biyu. Sai arba'in da huɗu. Ina rubutawa, ina ƙara yadi, ina yi mata hira. Ita ba ta tambaya, ni ba na faɗa. Har alfahari nake yi a raina cewa na iya aikin.

Mummunar shekarar ta fara da muryarta. Inna mace ce da idan ta kira mai kifi daga bakin shago, har bakin titi ana ji. Sai muryar ta dushe, masu kawo ɗinki suna yi mata sannu da mura, murar da ta yi wata biyar. Ta daina cin nama. Miyondo, sandar rogon nan da take so da gasasshen kifi, ta ce ba ya wucewa. Ta koma kunu da tuwo mai ruwa. Ƙailular da take yi bayan azahar a kan tabarma ta koma yin ta a zaune, ta jingina da buhun ƙyalle, domin idan ta kwanta numfashi ba ya shiga. Ina taka keke ina jin wani siririn fito a bayana, na sha tsayawa in duba bel ɗin keken, ashe ita ce.

Leshin wata mata ne fari, yana can kan kanta. Inna ta miƙe ta ɗaga hannu biyu za ta sauko da shi, ya maƙale a ƙarƙashin wasu. Tana ja, hannunta a sama, na ga fuskarta ta kumbura ta yi duhu, jijiyoyin wuya da na goshi sun tashi, idonta ya yi ja, fiton nan ya cika ɗakin. Ta sauke hannu ta dafa tebur. Cikin ɗan lokaci fuskar ta dawo.

Na ce, “Inna, lafiya?”

Ta ce, “Jiri ne. Ke kuma kin tsaya kina kallona, kalmasar za ta yi kanta?”

Ku ji abin da na yi. Ban je na faɗa wa kowa ba. Washegari na zo da wuri na sauko da duk abin da take yawan bukata zuwa inda hannunta ke kaiwa, na ɗaura igiyar rataye riguna ƙasa-ƙasa. Na gyara shagon yadda ba za ta sake ɗaga hannu ba. A lokacin na ɗauka kulawa ce.

Ɗanta da ke aiki a tashar jiragen ruwa shi ya matsa aka je asibiti, bayan ta faɗi a wurin alwala. Ni na raka ta saboda ina karanta Faransanci. Aka ɗauki hoton ƙirji, likita ya ɗora shi a kan haske. Ya nuna mana wani layi baƙi da ya sauko daga wuya, ya ce hanyar iska ce, a tsakiya ya kamata ta sauko a miƙe. Ta Inna ta kauce hagu, kamar ɗinkin ɗan koyo. Aka tura mu sikana, injin da ke yanka hoton jiki faifai-faifai. A nan ya ce abin da muke gani a wuya kan abin ne kawai. Sauran ya gangara ta bayan ƙashin ƙirji, inda hannu ba ya taɓawa, inda mita ba ta zagayawa. Ya nuna hanyar iskar a wani faifai can sama, zagaye kamar bakin kwalba. Ya nuna ta a wani can ƙasa, ta matse ta zama tsaga, kamar ramin maɓalli. Ya ce shi ya sa idan ta ɗaga hannu komai ke toshewa, abin yana cika ƙofar ƙirji. Ya ce a ganinsu ba kansa ba ce, amma dole a cire. Jininta ya nuna abin yana aiki fiye da kima, zuciyarta na gudu, sai an ba ta magani ta lafa kafin a yi aikin. Aka sa mako uku.

Ta dawo shago. Na ce ta zauna a gida, ta ce da raɗa, don muryar ta kusa ƙarewa, “Kayan Sallar mutane fa?” Kwana goma sha ɗaya muka yi a haka. Ranar ta sha biyu, bayan la'asar, tana zana alli a kan wata shadda, ta saki allin ta kama wuya. Ta ce zafi. Ban taɓa jin ta ce abin yana mata zafi ba. A gabana gefen hagu ya cika ya yi tauri. Daga baya aka ce jini ne ya fashe a cikin ɗaya daga gudajin. Yatsa biyun da na bar mata a kwala suka ɓace. Na lalubi maɓallan, su da na ɓoye da hannuna, na kasa samunsu. Na ɗauki almakashi na tsarga kwalar har ƙirji.

Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Masu benskin, baburan haya, sun tsaya suna cewa a ɗora ta, amma ba ta iya riƙe kowa. Muka samu taksi, maƙwabta suka ɗauke ta. Ba ta iya kwanciya, a zaune take, ni ina riƙe da kafaɗunta. Muka shiga cunkoso kafin Akwa, ruwa ya cinye titi, motoci sun tsaya cik. Direban ya fita yana buga motocin gaba yana roƙo da Faransanci. Fiton yana ta sirancewa. Ba mu kai ba.

Bayan arba'in ɗanta ya bar mini shagon da kekunan da littafin. Na ci gaba da aiki, don ban iya komai ba sai shi.

To, ranar da na ga nawa a madubi, bayan amaryar ta tafi, na saki labule na zagaya mita a wuyana. Talatin da uku nake tun ina lise. Na ga talatin da biyar. Na buɗe shafina na rubuta. Sannan na ɗauko wata atamfa shuɗiya da na ajiye wa kaina, na yanka mata wuyan Inna. Kada ku tambaye ni dalili. Na ga hoton sikana da idona, na riƙe mace a taksi, kuma abin da hannuna ya yi ke nan. Ya fito da kyau ƙwarai. Tattarar dama ta zauna daidai kan gudajin.

Wata huɗu na yi a cikin wuyan nan. Na ɗinka uku. Abin ba ya ciwo, sai dai jin kamar ƙwayar magani ta tsaya a maƙogwaro. Da na lalluba da yatsa na ji ba ɗaya ba ne, akwai ƙanana a hagu. Kullum da safe kafin in buɗe shago nakan tsaya gaban madubi in ɗaga hannu biyu sama, in ƙirga sittin, ina kallon fuskata ko za ta yi duhu. Ina sauraron muryata idan na amsa sallama. Hannuna ya fara rawa, ban san ko tsoro ne ko ciwon ne ba. A cikin watannin nan na yi abin da ban taɓa yi ba ko ina koyo. Leshin uwar amarya, mai tsada, na zana wuyansa na yanka, sai da na ɗaga na ga na zurfafa shi da yatsa huɗu. Matar ba ta yi faɗa ba. Ta naɗe leshinta ta ce, “Allah ya jiƙan Balaraba.” Ba ta sake dawowa ba, 'yan uwanta ma haka.

Hajiya Dije ce ta shigo wata Asabar da yadi biyu. Rabona da ita tun ta'aziyya. Ta cire gyale ba tare da ta shiga bayan labule ba. Wuyanta ya koma sumul, sai wani siririn tabo a kwance a gindinsa.

Ta ce, “Kin ga, na je an kwashe. Mutuwar uwar ɗakinki ce ta kora ni. Yanzu wuya mai faɗi nake so, a buɗe, kowa ya gani. Shekara goma sha ina yawo kamar ɗan sanda.”

Na ɗauko mita. Ta riƙe hannuna, tana kallon rigata.

“Wa kika ɗinka wa wannan, ta ƙi karɓa?”

“Tawa ce, Hajiya. Yayi ne kawai.”

“Yayi. 'Yata, ni za ki gaya wa yayi? Kwance maɓallin.”

“Babu komai, Hajiya.”

“To me ya sa tattarar dama ta fi cika?” Ta saki hannuna ta zauna kan benci. “Ke da Balaraba kun ɗauka kuna ɓoye mana wani abu ne? Duk New Bell babu macen da ba ta san wuyan nan ba. A gidan suna, da mace ta shigo da shi, mun san abin da ke ƙarƙashi. Mu masu shi har gaisawa muke da ido. Ita kanta Balaraba, muna kallon kwalarta tana ƙara tsawo duk Sallah. Babu wadda ta buɗe baki, kowa tana jin kunyar kowa. Ke ma tun watan jiya ake maganarki a famfo.”

Na ce, “Me ake cewa?”

“Ana cewa Allah sarki. Me za a ce? Ni dai ba zan ce Allah sarki ba. Ina lambar yayarki?”

Shekara takwas ina koyon ɓoye abin da kowa yake gani. Ban iya auna ta ranar ba, ta bar yadin ta tafi.

Yaya Hajara, babbar yayata, sakatariya ce a wani ofis a Akwa. Kafin la'asar ta sauka daga benskin a ƙofar shago, takalminta duk taɓo. Ba ta yi sallama ba.

“Buɗe in gani.”

Na buɗe.

“Tun yaushe?”

“Wata huɗu.”

“Wata huɗu. Mais tu es folle, Ma'u? Kin haukace ne? Ke da kika yi makaranta? Ke da kika ga na Inna?”

“Shi ya sa, Yaya.”

Ta ɗaura mini maɓallin da kanta, ta ce ranar Litinin ƙarfe bakwai in shirya, kuma kada in faɗa wa Mama tukuna.

Likitar mace ce, mai ɗan tsufa, ba ta jin Hausa. Ta zaunar da ni ta zagaya bayana, ta ɗora yatsunta a wuyana ta gaba. Ta miƙo mini kofin ruwa ta ce in kurɓa in riƙe, sai ta ce in haɗiye. Na kusa sakin kofin. Ta yi ta tambaya. Ina ramewa alhali ina ci? Ina jin zafi fiye da mutane? Zuciya na bugawa? Murya ta canja? Ina iya kwanciya a miƙe? Akwai mai shi a dangi? Ta sa na ɗaga hannu sama, ta kalli agogo. Na ce mata wannan na yi shi sau ɗari. Ta dube ni ta saman tabarau. Ta rubuta gwajin jini da ekografi.

Ekografi shi ne hoton da ake yi wa masu ciki, sai dai a wuya. Aka kwantar da ni, aka sa matashi ƙarƙashin kafaɗa, kaina ya koma baya. Aka shafa wani abu mai sanyi mai yauƙi. Mai hoton yana goga na'urar, ni ina leƙen allon ta wutsiyar ido, toka-toka ne kamar shadda da ta sha wanki. Yana magana da Yaya, ina ji. Ya ce sunan naman tiroyid, kowa yana da shi, gefe biyu ne, nawa ya girma kuma akwai gudaji biyar a ciki. Ya nuna biyu baƙi ƙirin masu santsin baki, ya ce ruwa ne a ciki, ba sa damunsa. Ya nuna wani mai ƙananan ramuka kamar soso, ya ce irin wannan ma lafiya. Na huɗu ƙarami ne. Da ya zo kan na dama, goron nan nawa, sai ya daina magana. Ya juya na'urar a tsaye, ya juya ta a kwance. Ya dasa alamomi a gefunansa yana aunawa. Ya kunna launi, ja da shuɗi suka yi ta walƙiya a kewayensa. Ya koma gefen wuyana har ƙarƙashin kunne yana neman kaluluwa. Na san irin wannan shirun, da shi nake cin abinci.

Takardar ta ce goitre multinodulaire, wato maƙoƙo mai gudaji da yawa. Na dama santimita biyu da ɗoriya, ba ruwa a cikinsa, nama ne, kuma ya fi na kewayensa duhu. A ƙasa an rubuta a tsotso shi da allura a duba. Na shigar da kalmomin a waya a cikin taksi, Yaya ta fizge wayar ta sa a jakarta.

Allurar siririya ce, ba ta kai ta keke kauri ba. Ana kallon allo ana shigar da ita. Aka ce kada in haɗiye, kada in yi magana. Sau uku aka shiga. Aka shafa abin da aka tsotso a kan gilasai, aka ce sakamako sai bayan mako biyu.

Kwana goma sha shida ya ɗauka. A cikinsu na ƙarasa duk ɗinkin da na riga na yanka. Wanda ban yanka ba na sauko da shi daga kanta, na naɗe, na rubuta sunan mai shi a takarda na maƙala, na bi gida-gida na mayar. Ina cewa keke ne ya lalace. Na tuna yadda muka sha wahalar gane yadin wa da wa ne bayan rasuwar Inna, ban so a sake yi. Na shafa wa kekunan mai na rufe su da zane. Wata mata ta zo daga Bonaberi da 'yarta, yarinya ba ta fi ni ba, ta ce an ce nan ake wuya mai tsayi. Na ce mai yin ta rasu. Ta ce an ce ta bar almajira. Na ce ita ma ba ta nan.

Ranar Talata ce, mun zauna a benci tun ƙarfe takwas, sai wajen sha ɗaya aka kira mu. Likitar ta buɗe ambulan ta karanta a ranta, ta juya shafi, ta dawo na farko. Ta ce ba kansa ba ce. Yaya ta sauke numfashi ta ce alhamdu lillahi. Ni ban motsa ba.

Na ce, “Ita ma matar da na sani an ce ba kansa ba ce. Ta mutu.”

Ta ajiye takardar ta ce in ba ta labari. Na ba ta, a gajarce, Faransancina yana kakkarewa, Yaya tana cika mini. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta jawo hotunan nawa ta juyo su gabana. Ta ɗora biro a kan hanyar iska, ta ce in duba, a tsakiya take, zagaye, babu abin da ya taɓa ta. Ta nuna gindin naman a gefe biyu, ta ce ga inda ya ƙare, sama da ƙashin ƙirji, bai gangara ba. Jinina daidai yake, rawar hannun ba daga nan take ba. Ta ce ba za a yanka ni ba, ba ma magani za ta ba ni ba. In ci gishiri mai aidin, in dawo a sake hoto bayan wata shida, daga nan duk shekara. Idan ya girma za su gani tun yana nesa, su cire shi da rana tsaka ina tafiya da ƙafata. Ta ce, “Ba ki cikin haɗari, madmazel. Kin ji? Ba ki cikin haɗari.”

Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Na ce wa Yaya ta faɗa mini da Hausa. Yaya ta ce, “Ta ce ba abin da zai same ki, Ma'u.”

Likitar tana mayar da hotunan cikin ambulan, ta ce irin na matar da na ba ta labari ba a wata ɗaya yake kaiwa haka ba, shekaru yake ɗauka yana girma a hankali. Ta ce abin da ke ba ta mamaki ke nan kullum. Matar ba ta da wani na kusa da ke ganin wuyanta? Babu wanda ya lura yana ƙaruwa?

Na buɗe baki. Yaya ta ɗora hannunta a kan gwiwata ta danna.

Ta ce, “Babu wanda ya lura, dokta.”

Ta karɓi ambulan, ta ɗaga ni daga kujerar, muka fito.